Sunan 'Yar Fari

Shekarar da nake digiri na biyu a kan lafiyar al'umma a Manchester, sai da aka tura kowannenmu wata uku na sanin makamar aiki kafin a bar shi ya rubuta kundinsa. Masu sa'a suka samu manyan asibitocin Oxford Road. Ni kuwa aka jefa ni wata 'yar ƙungiya a Moss Side, a saman wani shagon kayan miya, ɗaki biyu da tebur shida, huɗu babu kowa a kansu. Lokacin ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukumar birnin, ta yanke musu tallafi, aka sallami ma'aikata. Kofunan shayin waɗanda aka sallama suna nan jere a kan taga, ba wanda ya iya kwashe su.

Aikin da aka ba mu, ni da wata Baturiya 'yar ajinmu, shi ne mu gano abin da ke hana tsofaffin mata 'yan Afirka yin rajista da GP, likitan unguwa ke nan, a Moss Side da kuma Balsall Heath ta Birmingham, inda ƙungiyar ke da ɗan reshe. Ita ke tambaya tana rubutawa, ni ina fassara in an samu mai jin Hausa. Kuɗin ɗaukar tafinta na cikin abin da aka yanke, shi ya sa suka yi murna da zuwana, ba don wani kyan idona ba.

Shugabar wurin wata Baturiya ce, tsohuwar nas mai furfura, ba ta da yawan fara'a, amma ba muguwa ba ce. Ranar farko ta zaunar da ni ta shimfiɗa mini doka: abin da aka faɗa shi zan faɗa, ba ƙari, ba ragi, ba bayani. Na ce to. A raina har daɗi na ji, don ni dama ba na son a ce ina yi wa mutanenmu kwaskwarima a gaban Turawa.

Mutanen namu kuwa ba su yarda da ni ba ko kaɗan. Da sun ga takarda a hannuna sai fuska ta canza. Maganar da ke yawo a lokacin ita ce, duk wanda sunansa ya shiga kwamfutar asibiti, to ya isa ofishin shige da fice, kuma baƙon da ya ga likita ba zai sake samun biza ba. Ban iya rantse musu cewa ƙarya ce ba, don ni ma ban sani ba. Wata mata da muke sallar Juma'a tare ta tare ni a bakin masallaci ta ce, “Ke tsakaninki da Allah, wa ya aiko ki? Uni ce ko council?” Na ce karatu ne kawai. Ta yi mini kallon sama da ƙasa ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai tallan maganin gargajiya a tasha. Wata guda muka yi muna yawo, 'yar Hausa ko ɗaya ba ta zauna da mu ba.

Ƙanwar mahaifiyata ce ta cece ni daga Kano. Tana da ƙawa tun ta makarantar kwana, akanta ce a Birmingham, mijinta injiniya, suna zaune a Balsall Heath. Ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga wani gari a ƙasar Haɗeja don ta kula da ita da jaririn, da bizar wata shida. Na kira ƙawar tata, wadda nake ce wa Anti. Ta ce, “Don dai ke ce. Hajiya tana da hawan jini, maganin da ta zo da shi ma ya kusa ƙarewa, amma ta ƙi GP, ta ce kar a ɓata mata passport. Ki zo, maybe ke ta saurare ki. Amma fa no wahala, kin ji?” Na ce babu wata wahala, in sha Allah.

Muka je wata Talata da hantsi. Gida ne irin jerarrun nan masu haɗe da juna, siririn zaure, falo a gaba, wani ɗan ɗaki a baya kusa da kicin. A ɗakin bayan muka samu Hajiya zaune a kan darduma, doguwa siririya, da jaririn a cinyarta. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Anti ta sa hannu a takardar yarda, ta kawo mana kunun gyaɗa, ta haye sama don a bar mu mu kaɗai, yadda tsarin ya ce.

Tambayoyin farko sun tafi daidai. Sai aka zo shafin da ke tambayar zaman gida. 'Yar ajinmu ta ce a tambaye ta da wa take zaune.

“Da masu gidan,” in ji Hajiya.

Matar gidan, mece ce ita a wurinki?

Hajiya ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririn hula. “'Yar gidanmu ce. Uwar mijina ce ta raine ta.”

Mene ne sunanta?

Ta kau da kai wajen taga. “Ai kun gan ta.”

Na fassara, ba ƙari ba ragi. Aka tambayi wa ke riƙe da fasfonta, ta ce yana wurin maigidan. Aka tambayi ko tana cin abinci tare da su, ta ce subhanallahi, in maigidan yana nan ba ta ma fitowa. Aka tambayi ko tana fita waje, ta ce ina za ta je, ga yaro ga girki. Aka tambayi ko ana biyanta, ta yi dariya ta ce wannan Baturiya da abin mamaki take. Duk na fassara, har da dariyar na ce ta yi dariya.

Gaskiyar magana, ni ban ji wani abin tsoro a ciki ba. Anti ce 'yar farin Hajiya. A wurin matan zamaninsu, musamman na ƙasarsu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ake ba wa ta raine shi. Kakata ta rasu ba ta taɓa kiran sunan mahaifina, ɗan farinta, ba, sai dai ta ce “wancan” ko “babansu”. Suruka kuma ba ta zama ta ci tuwo a gaban mijin 'yarta. Na san duk wannan sarai. Na ma ga ƙwayar idon 'yar ajinmu ta tsaya cak a kan takardar, na ga alƙalaminta yana gudu fiye da maganar da aka yi, na ji wani abu ya ɗarsu a raina. Amma an ce ba bayani, ni kuma ina son a ce na iya aiki, sai na ja bakina na yi shiru.

A jirgin ƙasa na komawa Manchester 'yar ajinmu ba ta ce mini uffan ba. Yarinyar da kullum sai ta ishe ni da labarin karenta, ranar ta juya kwamfutarta yadda ba zan ga fuskar ba, tana ta bugawa. Na tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, tana murmushin da bai kai ido ba. Tun daga nan na sha jinin jikina.

Ranar Alhamis shugabar ta kira ni ɗaki na biyu ta rufe ƙofa. Ta ajiye takardar a gabana, an ja layi ja a ƙarƙashin amsa shida. Ta ce ga tsohuwa da ba ta jin Turanci, tana kwana a ɗakin baya, tana aikin gida ba a biyanta, fasfonta na hannun wani namiji da take ɓuya in ya shigo, ba ta fita, an hana ta ganin likita, kuma ta kasa cewa matar gidan 'yarta ce, ta kasa faɗin sunanta. Ta ce a aikinsu wannan kamannin baiwa ce da aka shigo da ita da sunan uwa, kuma wajibi ne a kanta ta sanar da council. In ta sanar, za a aiko masu bincike gidan, watakila da 'yan sanda.

Na shiga bayani da Turancin da ya tsere mini a ranar, ina cewa kunya ce, al'ada ce, 'yar fari ce. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, “Me ya sa ba ki faɗa a can ba?” Na ce ke kika ce ba bayani. Ta ce, “Na ce kar ki canza maganarta. Ban ce ki bar abokiyar aikinki cikin duhu ba.” Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata mini shi ne ta fi ni gaskiya.

Sannan ta tambaye ni yadda na san matar gidan. Da na ce ƙawar ƙanwar mahaifiyata ce, sai ta ɗan jingina da kujera tana kallona. Ba ta faɗa ba, amma na gane. Yanzu ni ma ina cikin waɗanda ake zargi, 'yar gida ce da ke rufa wa 'yan gida asiri. Ta ce shekarun baya ta taɓa shiga wani gida, aka ce mata al'ada ce, ta yarda ta fito, kuma abin da ya biyo baya bai bar ta ta sake yarda da wannan kalmar haka kawai ba. Za ta ba mu zuwa Litinin. Za ta je da kanta, a ɗauki maganar a waya don wani ya iya saurara daga baya. In tsohuwar ta faɗa da bakinta cewa wannan 'yarta ce, ta kuma kira sunanta, magana ta mutu. In ba haka ba, takarda za ta tafi.

Na roƙe ta ta bari a karanta wa Hajiya sunan, ita kuma ta amsa da e kawai. Ta girgiza kai ta ce wanda ke cikin tsoro e zai ce wa komai.

Kiran Anti shi ne abu mafi wuya da na yi a ƙasar nan zuwa lokacin. Na gaya mata komai. Sai ta ce, “So council za ta shigo mini gida. Kin san me wannan zai yi wa aikina? Kin san in social services, ma'aikatan walwalar yara, suka shiga gida mai yara ba sa fita? Na ce miki no wahala.” Na ce Anti ki yi haƙuri, kuskure ne. Ta ce, “Kuskure ne, ko dama abin da aka aiko ki yi ke nan? Ana ta faɗa mini in yi hankali da students masu forms, na ce ke 'yar gida ce.” Ta ce mu zo, tunda ba ta da zaɓi, amma ba za ta iya gaya wa Hajiya abin da ake so ta yi ba. Wannan ni da na jawo ni zan faɗa.

Abin da nake jin kunyar rubutawa shi ne, kafin Litinin ta zo, ni ma zargin ya shige ni. Ina tsaye a bas a kan Oxford Road, a matse tsakanin ɗalibai, sai na kama kaina ina tambaya: ni na ga takardar haihuwar Anti? Sun yi kama kuwa? Ƙanwar mahaifiyata ta taɓa ganin Hajiya da idonta? Me ya sa aka ajiye ta a ɗakin baya alhali akwai ɗaki a sama? Na san amsar, gwiwarta ba ta son matakala, ita ta faɗa mana. Duk da haka tambayoyin suka ƙi barina. Na yi ta istigfari, ina jin haushin shugabar da ta dasa mini su, ina jin haushin kaina da suka samu wurin zama.

Litinin muka isa bayan azahar, ni da shugabar. Maigidan ya ɗauki hutu daga aiki, ya tare mu a ƙofa da fasfo a hannu da wata jaka cike da takardu, fuskarsa a ɗaure. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Shugabar ta duba fasfon ta mayar masa, ta ce takarda ba ta isa ba, tsohuwar take son ji, ita kaɗai. Ya kalle ni, ba ita ba, ya ɗauki makullin mota ya fita. Anti ta karɓi jaririn ta ce za ta hau sama.

Hajiya tana inda muka bar ta, a kan dardumar. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta riga ta ga gidan ya hargitse kwana huɗu ba a gaya mata dalili ba, kuma ba yarinya ba ce. Shugabar ta zauna a ƙasa, abin da ban zata ba, ta ajiye wayar a tsakiya, ta ce a tambaye ta 'ya'yanta nawa, su wane ne.

Hajiya ta ce bakwai Allah ya bar mata. Ta fara daga auta tana hawa, tana kiran suna tana faɗin inda kowa yake, wannan yana koyarwa, wannan tana aure a Gumel. Ta kira shida tsaf. Sai ta ce, “Sai babbarsu,” ta tsaya.

Ina babbar take?

“Tana nan.”

A gidan nan?

Ta ɗaga kai alamar e.

Mene ne sunanta?

“Sunan uwar mijina aka mayar mata,” in ji Hajiya, tana kallona ni, kamar mai cewa ke ai kin gane. Na gane kuwa. Suna ɗaya, nauyi biyu: na 'yar fari, kuma na surukar da ta rasu. Na fassara, wannan karon na ƙara da bayani, na yi shi da kyau. Shugabar ta ce ta ji, kuma tana so ta yarda da ni. Amma suna take jira. Suna kuwa ba abin da tafinta zai iya gyarawa ba ne, ko da na so in yi ha'inci, kunnenta zai ji an faɗa ko ba a faɗa ba.

Na matsa kusa da Hajiya na ce, “Hajiya, ki gafarce ni. Matar nan tana zaton ba ke kika haifi Anti ba. Tana zaton an kawo ki ne aikatau, an ƙwace miki fasfo. In ba ki kira sunanta ba, za ta kai maganar gaban hukuma, a zo a binciki gidan.”

Ta ce, “Ni ce 'yar aikatau?”

“Haka take zato, Hajiya.”

“A gidan nan?”

Ta ce, “In suka zo, za su taɓa mata aikinta?” Na ce zai iya yiwuwa. “Yaran fa?” Na ce ban sani ba, Hajiya, wallahi ban sani ba.

Ta ajiye carbinta a kan dardumar. Ta jawo mayafinta ta rufe fuska har haɓa, ta juya ta fuskanci bango, ta ba mu baya. Muka yi ta jira, ana jin motar shara tana wucewa a titi. Sai ta faɗi sunan, can ƙasa, da ƙyar ni da ke kusa na ji.

Shugabar ta dube ni ta ce ba ta ji ba. Na ce ni na ji, ta faɗa. Ta ce wayar ma ba ta ɗauka ba, Hajiya ta yi haƙuri ta sake. A rayuwata ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsani matar nan a wannan minti ba, kuma duk da haka ni ce na buɗe baki na ce, “Hajiya, wai ki ɗan ɗaga murya.”

Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, har muryar ta fashe. Ta ƙara da cewa, “Ni na haife ta. Ranar Laraba, da damina, a ɗakin uwata. Sai me kuma?”

Shugabar ta duba sunan da ke kan takardar yarda, ta kashe wayar. Ta ce magana ta ƙare, ba za a kai ko'ina ba, a gaya mata ta gode kuma ta yi haƙuri. Ta fara bayanin cewa rajista da GP kyauta ce ko ga baƙo, za ta iya raka ta da kanta. Na fassara wa bayan Hajiya, don ba ta juyo ba. Daga baya na ji ba ta je ba. Kwana tara bayan nan ta sa aka canza mata tikiti ta koma gida, saura wata biyu a bizarta.

Da muka buɗe ƙofar ɗakin, ashe Anti ba ta hau sama ba. Tana zaune a matakala ta biyu da jaririn a kafaɗa, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Bangon irin gidajen nan ba ya ɓoye komai. Shugabar ta wuce ta a hankali ta fita waje. Na tsaya ina neman abin faɗa, Anti ta riga ni.

“Shekarata talatin da takwas,” ta ce. “Tun ina primary nake so in ji ta kira ni, ko sau ɗaya. Ba haka na so in ji ba.”

Na sunkuya ina neman takalmina, sai na ji muryar Hajiya daga ɗaki tana cewa, “'Yar nan, zo.” Na koma na durƙusa a bakin ƙofa. Har lokacin bango take fuskanta, mayafin na kan fuskarta.

“Baturiyar nan na yafe mata,” ta ce. “Ba ta sani ba, ba a haife ta a cikinmu ba. Ke kuwa tun ranar farko kin san abin da ya hana ni faɗa. Kina zaune a nan, kina shan kununa.”

Na jira ko za ta ƙara wani abu, ko da zagi ne. Ta laluba ta ɗauki carbinta, ta ce in ja mata ƙofar in zan fita.